Tukunyar Gashi Mai Ƙafa Uku: Yadda Murfi Ya Sauya Gashin Nama a Amurka

A shekarar 1952, a wata masana'antar ƙarfe ta birnin Chicago mai suna Weber Brothers Metal Works, wani ma'aikaci ya ɗauki abin da aka ƙera don ruwa ya kai shi ga wuta. Aikin masana'antar ya haɗa da ƙera manyan ƙwallayen ƙarfe da ake ɗaurewa a saman ruwa don su nuna wa matuƙan jirage hanya. Kowace ƙwallo ɓari biyu ce, a lanƙwasa wannan, a lanƙwasa wancan, sannan a haɗa bakinsu da walda. George Stephen, wanda mahaifinsa ke da hannun jari a masana'antar, ya ɗauki ɓari ɗaya ya kafa masa ƙafa uku, ya shimfiɗa raga a ciki, ya yi masa murfi mai mariƙi, ya kai gida.

Abin da ya kai shi ga haka takaici ne. Ya gina murhun bulo a gidansa da ke Mount Prospect, wajen Chicago, amma murhun a buɗe yake. Iska ta kaɗa, toka ta baɗe nama. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi ta babbake waje alhali ciki ɗanye. Ruwan sama ya sauko, a kwashi nama a ruga ɗaki. Wanda ya san iskar da ke tasowa daga Tafkin Michigan ba zai yi mamakin wannan kuka ba. A labarin da kamfanin ke bayarwa, gwajin farko ma bai yi kyau ba, don da aka kifa murfi sai wutar ta mutu. Wani maƙwabci ne ya ba da shawarar a huda ƙofofin iska. Aka huda ƙasa, aka huda sama, gawayi ya ci gaba da ci.

Waɗannan 'yan hudoji su ne zuciyar al'amarin, kuma daga gare su ne tambayar da masu saye ke yi har yau ta samo asali: wane girma ne ya dace da gida?

Kafin tukunyar ta samu kasuwa, sai da gawayin ya riga ta zuwa, kuma ta hannun mai ƙera motoci ya zo. Motar Henry Ford ta Model T tana cin katako mai yawa a jikinta da ƙafafunta. Don kada ya dogara da kowa, Ford ya sayi daji mai faɗin eka sama da 300,000 a arewacin jihar Michigan wajen 1920, da taimakon Edward Kingsford, dillalin filaye wanda ke auren 'yar uwar Ford. Injin tsaga katako ya fara aiki kusa da garin Iron Mountain, sai ga tsibin guntaye da garin katako. Ford mutum ne da bai jure ganin asara. Aka riƙa ƙona guntayen su zama gawayi, a niƙe, a kwaɓa da sitaci, a matse su 'yan dunƙule masu girma ɗaya. Dabarar dunƙula makamashi ta girmi gawayin Ford, domin wani Ellsworth Zwoyer ya yi rajistar irinta tun 1897, amma Ford ne ya kai ta hannun jama'a. A shagunan dillalan motocinsa ake sayar da buhunan, har da ɗan ƙaramin murhu na tafi-da-gidanka ga masu fita shan iska da iyali. A 1951 wasu 'yan kasuwa suka sayi sashen gawayin suka raɗa masa sunan Kingsford, sunan da yake ɗauke da shi har yanzu. Amfanin wannan dunƙulallen gawayi shi ne ba ya ba mutum mamaki: girmansa ɗaya, cinsa ɗaya, har mai gashi yana iya ƙirga guda nawa zai zuba ya san zafin da zai samu.

Sai kuma wurin da za a ajiye murhun. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar tallafa wa tsoffin sojoji ta 1944 ta sauƙaƙa musu bashin sayen gida, sai sababbin unguwanni suka tsiro a gefen manyan birane. A Levittown ta jihar New York kaɗai an gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. Kowane gida da ɗan filinsa mai ciyawa ta baya, kuma a wannan fili ne wata sabuwar al'ada ta kafu: ranar Asabar ko Lahadi maigida ya ɗaura kyallen girki a ƙirji, ya hura gawayi, maƙwabta su leƙo. Abin da akasari ake amfani da shi a lokacin faranti ne na ƙarfe marar zurfi da raga a kai, ana sayar da shi wajen dala 7. Stephen ya sa wa tasa tukunya dala 29.95.

Tsadar ta ninka sau huɗu, siffar kuma abin dariya ce ga idon da bai saba ba. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraronta mai suna Sputnik a 1957, mutane suka riƙa kiran tukunyar Sputnik, don shi ma dunƙulen ƙarfe ne mai tsinkaye a jiki. Stephen ya gane baki ba zai sayar masa da ita ba, sai hanci. Ya riƙa kafa ta a ƙofar shagunan kayan gini, ya gasa talotalo sukutum a gaban masu wucewa, ya yanka ya miƙa musu. A wancan zamani gasa tsuntsu mai wannan girma a waje, ba tare da an juya shi a kan tsinke ba, abin tsayawa kallo ne. Kafin shekarun 1950 su ƙare ya saye masana'antar, aka daina ƙwallayen ruwa, kamfanin ya koma Weber-Stephen. Adalci ne a faɗa cewa ba shi kaɗai ya yi tunanin rufe murhu ba. A Tulsa, Grant Hastings ya fara ƙera Hasty-Bake mai rufi tun 1948, a Texas kuma Hilton Meigs ya fito da murhun PK na zubin alminiyam a shekarar da Stephen ya fito da tasa. Abin da ya fifita ta Chicago shi ne sauƙin ƙira, da fenti mai kama da gilashi da ake gasawa a jikin ƙarfen don ya hana tsatsa, da kuma siffar da'ira wadda ke sa zafi ya kewaya ya dawo kan nama ta kowace fuska.

Yadda take aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Raga biyu ce a ciki: ta ƙasa tana ɗaukar gawayi, ta sama tana ɗaukar nama. Iska tana shiga ta ƙofofin gindi, ta ratsa garwashi, ta fita ta ƙofar da ke kan murfi. Idan aka buɗe su duka, wuta ta yi ƙarfi. Idan aka tsuke, ta lafa. Idan aka toshe, ta mutu, gawayin da ya rage ya jira wata rana. Da yake iskar da ke shiga ƙididdigaggiya ce, kitsen da ya ɗiga ba ya samun abin da zai tashi da harshen wuta. Amma babbar ribar murfi ita ce ya ba mai gashi damar raba cikin tukunyar gida biyu. Ya tara garwashi a gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen fayau. A kan garwashi yake ƙona bayan nama na 'yan mintuna ya yi ja, sannan ya janye shi zuwa gefen da babu wuta a ƙarƙashi, ya rufe, zafin da ke kewayawa ya nunar da ciki sannu a hankali. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire, ya ga yadda ake kafa tsinkaye kewaye da wuta ba a kanta ba, ya riga ya san rabin wannan ilimi. Ragowar rabin shi ne murfin da ke tsare zafi da hayaƙi.

To, a nan ne girma ya shigo. Wuta tana son nata wuri, nama yana son nasa, kuma faɗin tukunya ne ke yanke hukuncin ko za su zauna lafiya.

Kamfanin ya daɗe yana ƙera 'yan girma kaɗan da suka zama ma'auni har ga masu kwaikwayonsa. Akwai 'yar ƙarama mai inci 14, Smokey Joe, wadda ta fito tun shekarun 1950 kuma ana ɗaukarta da hannu ɗaya. Akwai mai inci 18, da mai inci 22, da mai inci 26, sai uwa-uba Ranch mai inci 37 wadda sai an yi taro ake hura ta. A Turai da sauran ƙasashen da ke awo da santimita, manyan ukun na tsakiya su ne 47 da 57 da 67. Lambobin suna yaudarar ido. Tsakanin 18 da 22 inci huɗu ne kacal, amma da yake filin da'ira yana ƙaruwa ne da lissafin faɗinta sau faɗinta, ragar mai 18 murabba'in inci 240 ce, ta mai 22 kuwa 363, wato ƙarin wajen rabi. Mai 26 tana da 508, Ranch kuma 1,104, yayin da Smokey Joe ta tsaya a 147. A lissafin kamfanin, mai 18 tana ɗaukar hambaga 9, mai 22 tana ɗaukar 13.

Sai dai ƙirgen hambaga lissafi ne na wanda zai shimfiɗa garwashi ko'ina ya cika raga. Da zarar an raba tukunya gida biyu, kusan rabin ragar ya tafi. Abin da ya rage a mai 14 bai wuce wurin cinyoyin kaza biyu ko uku ba, su ma suna dab da wuta. A mai 18 kaza guda za ta zauna, amma gefenta da ke fuskantar garwashi zai riga ɗayan nuna, sai an riƙa juya ta. A mai 22 ne ake fara numfasawa: kaji biyu, ko cinyar rago, ko talotalon bikin godiya na watan Nuwamba, su zauna nesa da wuta, murfi kuma ya rufu ba tare da ya taɓa su ba. Wannan ne dalilin da ya sa mai 22 ta zama tukunyar gidan Ba'amurke. Ita ce mafi ƙanƙanta da ke iya yin aikin biyu duka, gashin gaggawa na yammacin ranar aiki da gashin natsuwa na ranar hutu. Shekaru da dama ana kiranta mai 22 da rabi, kafin kamfanin ya daina ambaton rabin, ƙarfen kuwa yana nan yadda yake. Tun da ita ce a yawancin gidaje, masu ƙera kayan haɗi ma ita suke aunawa, daga kwandon gawayi zuwa tsinken juya nama, abin da ya ƙara ɗaure mata gindi.

Labarin bai cika ba sai an juya kudu, domin gashin hayaƙi ya girmi tukunyar Chicago da ɗaruruwan shekaru. A jihohin kudancin Amurka ana haƙa rami, a ƙona itace ya zama garwashi, a shimfiɗa dabba a sama ta kwana tana nuna. Hannayen da suka riƙe wannan aiki a gonakin bauta hannayen bayi ne 'yan asalin Afirka, kuma bayan 'yanci jikokinsu ne suka mai da shi sana'a. A farkon ƙarni na 20, Henry Perry, baƙar fata daga Tennessee, ya fara sayar da naman hayaƙi a Kansas City, kuma daga hannunsa ne salon garin ya fito. A tsakiyar Texas, mahauta 'yan asalin Jamus da Cek ne suka riƙa gasa naman da bai sayu ba, a garuruwa irin su Lockhart. A jihohin Carolina alade ne, a Owensboro ta Kentucky kuwa naman tunkiya. Har Chicago ɗin ma ilimin ya iso tare da baƙar fatar da suka yi hijira daga kudu, suka kafa shagunansu a kudancin birnin. Abin baƙin ciki shi ne unguwannin da tukunyar Stephen ta yi kasuwa a cikinsu, da yawansu sun rufe wa waɗannan mutane ƙofa. Levittown ta rubuta a yarjejeniyar gidajenta cewa na farar fata ne kaɗai. Don haka tsawon shekaru murhu yana wannan gefe na gari, gwanayen hayaƙi suna wancan.

Daga ƙarshen shekarun 1970 ratar ta fara raguwa. Gasar gashin nama ta Memphis ta fara a 1978, ta American Royal a Kansas City ta biyo baya a 1980, littattafai da talabijin suka ɗauka, daga baya intanet ta ƙarasa aikin. Mai tukunya a gida ya fara tambayar kansa ko zai iya abin da ake yi a rami.

Zai iya, amma da sharaɗi. Naman da ake yi wa gashin hayaƙi nama ne mai tauri, mai jijiya da kitse, irin ƙirji da kafaɗa da haƙarƙari. Wuta mai ƙarfi ƙara masa tauri take yi. Abin da yake so shi ne zafi tsakanin digiri 107 da 120 na ma'aunin Salshiyas, na tsawon sa'o'i, har jijiyar ta narke ta koma romo a cikin tsoka. Ƙirjin sa sukutum yana kai kilo 5 zuwa 7, yana iya cin sa'a goma ko fiye, kuma ba a sauke shi sai zafin cikinsa ya kai wajen digiri 93. A tsakiyar tafiya, wajen digiri 65 zuwa 70, zafin cikin naman yakan tsaya cak na sa'o'i saboda ruwan da ke tsattsafowa yana sanyaya shi, lokacin da sabon shiga ke ruɗewa ya ƙara wuta ya ɓata aiki. Wannan ya bambanta da banda, wadda burinta a busar da nama ko kifi don ajiya. Nan ci za a yi da zafinsa, yana ɗigar da romo.

Riƙe ƙaramar wuta sa'a goma a cikin tukunya ɗaya ya sa masu gashi suka ƙirƙiro dabarar da suke kira maciji. Ana jera dunƙulen gawayi ɗanye a jikin bangon tukunya, biyu a ƙasa biyu a sama, a bi da'ira har kusan kashi biyu cikin uku. A ɗora guntayen itacen hikori ko na tuffa a kan rabin farko na layin, domin nama ya fi shan hayaƙi tun yana ɗanye. A ajiye kwanon ruwa a tsakiya ya tari kitse ya kuma daidaita zafi. Sai a kunna 'yan dunƙule kaɗan a zuba a kan layin ta baki ɗaya. Wuta ta riƙa bin layin a hankali, wannan ya kunna wancan. A ɗora nama, a kifa murfi yadda ƙofar iskarsa za ta kasance a kan naman, nesa da inda wuta take, don hayaƙi ya ratsa naman kafin ya fita. Hayaƙin kirki siriri ne mai ɗan shuɗi. Idan ya yi fari ya turnuƙe, ɗaci zai bari a baki. Daga nan sai haƙuri, domin kowane ɗaga murfi zafi ne ke fita, iska kuma ta shiga ta zuga garwashi.

Tsawon macijin kewayen tukunya ne ke ba da shi. A mai 18 layin gajere ne kuma yana matse da nama, don haka ya fi dacewa da kaza ko kifi na sa'a biyu zuwa uku. A mai 22 layi ɗaya yana iya kai mutum mafi yawan yini, ƙirjin sa matsakaici kuma yana shiga, ko da da ƙyar. Mai 26 ce ke ba da sarari na gaske: ƙirji babba, ko jerin haƙarƙari a shimfiɗe ba a naɗe ba, kuma da yake cikinta ya fi yalwa, zafinta ba ya saurin hawa da sauka. Kuɗinta fa ya fi yawa, ta fi nauyi, murfinta kaɗai kaya ne, kuma hura ta don yankan nama biyu ɓarnar gawayi ce. Wanda bakin da yake ciyarwa bai wuce huɗu zuwa shida ba, kuma taro sai jefi-jefi, mai 22 ta ishe shi. Wanda gidansa ba ya rabuwa da baƙi, ko hayaƙi ne ainihin abin da ya kawo shi, ba zai yi nadamar mai 26 ba. Mai 14 kuwa ta tafiya ce da baranda, kuma zalunci ne a nemi ta yi abin da ba a ƙera ta dominsa ba. Kowace aka zaɓa, wurinta waje ne. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari, kuma hura shi a ɗaki ko gareji ya kashe mutane da dama.

Kamfanin da kansa ya lura da masu son hayaƙi. A 1981 ya fito da Smokey Mountain, doguwar tukunya mai hawa, wuta a gindi, kwanon ruwa a tsakiya, raga biyu a sama, ta yadda nisan da ake nema a faɗi ya koma tsaye. Ita ma yanzu girma uku gare ta: 14 da 18 da 22. A 1985 ya shiga kasuwar murhun gas da Genesis, kuma gas ya ci gidaje da yawa saboda ba ya sa jira. A 1989 aka buɗe gidan abinci na Weber Grill na farko a Wheeling, jihar Illinois, inda aka riƙa girki a kan manyan tukwanen gawayi. George Stephen ya rasu a 1993, ya bar 'ya'ya goma sha biyu da kamfani mai hedikwata a Palatine. Kafin nan tukunyarsa ta riga ta tsallaka teku. A Ostareliya, inda Kirsimeti ke zuwa a tsakiyar zafi, iyalai da yawa a cikinta suke gasa naman biki don kada tanda ta dafa musu ɗaki, a Afirka ta Kudu kuma ta samu wuri kusa da murhun itace na gargajiya. A can ma, mai santimita 57 ce aka fi gani a tsakar gida.